Zinder Zuwa Agadas a Minti Sha Biyar

Tunda kun matsa sai na ba ku labari guda kafin in miƙa makullan biro, wato ofishina, to ku gyara zama. Cikin shekarun da na yi a filin jirgin nan, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Talata cikin bazara, ranar da na mayar da tafiyar Agadas minti sha biyar da bakina. Jirgi bai faɗi ba, ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Amma wallahi ban taɓa gudu a bakin aiki irin na ranar ba, ga shi lokacin na haura hamsin, ga tumbin nan da kuke gani ya riga ya fara fitowa.

Na ga yau akwai baƙi cikinmu, matanmu da 'yan'uwa, saboda haka bari in fara da abin da mu muka sani su ba su sani ba. Aikin jirgi agogo biyu gare shi. Akwai agogon gari, wanda ladan ke kiran salla da shi. Akwai kuma agogon jirage, wanda muke ce wa Te-U, shi dukkan filayen jirgin duniya ke aiki da shi don kada wani ya ce safe wani ya ce hantsi. Te-U yana bayan namu da awa guda cur. In ƙarfe goma ta buga a unguwannin Birni da Zango, a takardunmu tara ce. Shi ya sa kuke ganina da agogo biyu, na hagu na gari, na dama na jirage. Uwargida ga ta nan zaune, ta sha faɗin cewa in abinci ne da na hagu nake zuwa, in cefane ne da na dama.

Aikina a lokacin shi ne ƙananan jirage. Ni ke karɓar matafiya, in ɗora kowa a sikeli, in auna kayansa, in raba musu kujeru, in cike takardar nauyi in kai wa matuƙi ya duba ya sa hannu. Ƙaramin jirgi ba kamar babba ba ne. In nauyi ya taru a baya ko a gaba, matuƙi zai sha wahala, saboda haka wanda zai zauna a ina ba son rai ba ne, lissafi ne.

Daga nan zuwa Agadas ta sama, miƙe ɗoɗar, kilomita ɗari uku da saba'in ne ko kusa da haka. Matuƙa su mil ɗari biyu suke cewa, da irin nasu mil ɗin na jirage. Ta ƙasa kuwa, ta Tanut, ya haura ɗari huɗu da arba'in, kuma duk wanda ya bi hanyar ya san yini guda ne, ka sauka ƙugunka ba naka ba. Ƙaramin jirgi yana cinye ta a awa ɗaya da kwata in iska ba ta yi gardama ba. Awa ɗaya da kwata. Ko daga barci aka tashe ni zan faɗi wannan, shi ya sa abin da na yi ya fi ba ni haushi.

Jirgin ranar na wata ƙungiyar agaji ne, inji guda a hanci, kujeru goma sha biyu, matuƙi ɗaya. Babu makewayi a cikinsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Matafiya shida ne. Huɗu ma'aikatan ƙungiyar ne da suka saba, sun zo da jakunkunansu suna ta hamma. Sauran biyun su ne labarin. Ɗaya wani dattijo ne daga garin Dogo, Malam Mato, manomi, siriri, farin gemu, farar riga ta sha guga har tana ƙara. Ciwon yana ya rufe masa ido biyu, sai dai ya ga haske da inuwa. An ce wasu likitocin ido sun sauka Agadas suna aiki, kuma ranar Alhamis za su tattara. Na biyun shi ne ya samo masa kujerar, Issufu, mai kula da magazan, wato ɗakin ajiyar kayan ƙungiyar, a Agadas. Issufu mijin Rabi ne, 'yar Malam Mato.

Ku yaran yanzu da kuke zama da surukanku kuna kallon ƙwallo a faranti guda, ba za ku gane ba. Waɗannan surukuta ce ta da. Issufu bai riƙe hannun tsohon ba, bakin sandarsa ya riƙe yana tafe a gaba. In zai yi magana sai ya dubi ƙasa ya ce, "A kula, akwai matakala." Shi kuma tsohon sai ya amsa wa iska, "To, madalla." Sunansa ma ba ya kamawa, sai dai ya ce mijin Rabi. Da na ɗora Issufu a sikeli, kilo tamanin da biyu. Tsohon hamsin da huɗu, har da sandar. Ni kuma don nuna ni mai hankali ne, na haɗa su kujera kusa da kujera a layi na biyu, gwiwa na gugar gwiwa, wai don ya kula da shi. Har ina yaba wa kaina.

Wajen tara da kwata, agogon hagu, Issufu ya fita ɗauko sauran kaya a mota. Ina kan tebur ina fama da wasu katan-katan na magani da adadinsu ya ƙi daidaita, sai na ji an ce, "Ɗana, kai ne mai jirgin?"

Na ce, "A'a Baba, ni mai sikeli ne."

Ya yi murmushi, ya karkata kai kamar mai sauraron ko akwai wani kusa. Sannan ya rage murya. "Ƙarfe nawa za mu tashi?"

Takardar matafiya ce a hannuna, wadda biron ƙungiyar ke bugawa da agogon gari. Na duba na ce, "Ƙarfe goma."

"To ƙarfe nawa za mu sauka?"

Wannan ba ya cikin takardar matafiya. Sai na miƙa wuya na leƙa takardar shirin tafiya da matuƙi ya bari a kan tebur, wadda ake rubutawa da Te-U. Na ga lambar, na karanta masa yadda take. "Goma da kwata."

Leɓunansa suka yi ta motsi yana lissafi. "Goma. Goma da kwata. Ikon Allah."

Ni kuma ko ɗago kai ban yi ba na ce, "Ai Baba jirgi ne." Na ci gaba da ƙirga katan ɗina.

Kun gani? Bai tambaye ni awa nawa ba. Da ya tambaya, da bakina ya faɗi awa ɗaya da kwata ko ban yi tunani ba. Tambaya biyu ya yi, na amsa ɗaya da hannun hagu ɗaya da hannun dama, shi kuma ya yi lissafinsa shi kaɗai. Mutum ne da ya taɓa zuwa Agadas a bayan kamyo, babbar motar kaya, cikin ƙuruciyarsa, kwana biyu a hanya, kuma duk rayuwarsa yana jin ana cewa jirgi kamar ƙiftawar ido ne. Me zai hana ya yarda?

Na dai ga ya sa an kai shi rumfar Ilu mai shayi, Allah ya jiƙansa, tsofaffin cikinku sun san shi. Na gan su sun haɗa kai suna hira kamar sun shekara da sanin juna. Ban kawo komai a raina ba. Goma saura kwata na kira matafiya, na raka su, na zaunar da kowa, na ɗaura wa tsohon ɗamara da hannuna. Matuƙi ya sa hannu, aka rufe ƙofa, na dawo ina fito.

Ina shiga zaure sai ga Ilu yana tattara kofuna. Ya dube ni ya ce, "Habu, yaushe aka matso da Agadas ban sani ba?"

Na ce, "Wace irin magana ce wannan da safe?"

"Tsohon Dogon nan ya ce ka ce masa kwata guda ce."

Na buɗe baki zan ƙaryata, sai na tsaya. Na dubi hannun hagu, na dubi na dama. A lokacin kunyar kuskure kawai nake ji. Na ce, "To ai ba komai, zai gani da kansa. Ya daɗa awa guda a sama, ba a tsaye zai yi ta ba."

Ilu ya ajiye kofunan. Ya jawo ni gefe, ya faɗa mini abin da tsohon ya gaya masa a matsayin tsara da tsara. Malam Mato yana da ciwon nan na dattawa maza, wanda in an sha ruwa ba a iya riƙe fitsari. Rabin awa in ya yi ƙoƙari. Shekara uku ke nan bai je cin kasuwa ba, sahun ƙarshe yake tsayawa a masallaci kusa da ƙofa. Ya ɓoye wa kowa in ba matarsa ba. Saboda tafiyar nan, tun jiya bai sa ruwa a bakinsa ba, cikin wannan zafin na bazara, leɓunansa duk sun tsage. Da na ce masa goma da kwata, sai ya ga Allah ya kawo masa sauƙi. Ilu ya ce, "Manyan kofuna biyu ya sha da madara, ya bi da kwanon ruwa. Har yana ce mini rabin awa ma yana iyawa, balle kwata."

Dattijo mai shekara saba'in da wani abu, cikin farar riga, ɗaure a kujera, a jirgin da babu makewayi, awa ɗaya da kwata, kuma gwiwarsa na gugar gwiwar mijin 'yarsa. Ni na shayar da shi, ni na zaunar da shi a wurin. Na san irin waɗannan mutanen, ubana irinsu ne. In abin ya faru, ba zai sake haɗa ido da surukinsa ba har ya mutu, ko da likitocin sun buɗe masa idon tar.

Na leƙa ta taga, jirgin ya riga ya fara gangarawa zuwa bakin pist, wato titin da yake gudu a kai kafin ya tashi. Akwai rediyon hannu a ƙuguna, amma kun san shi, duk abin da ka faɗa 'yan kwana-kwana na ji, jandarmomi na ji, mai gadin ƙofa na ji. Kafin la'asar labarin ya isa Dogo. Sai na zuba da gudu zuwa hasumiya. Takalmina ɗaya ya tsaya a matakala ta biyar, ban koma masa ba.

Madam Zuwaira ce a kan aiki ranar, ita ke ba jirage izinin tashi da sauka. Mace ce da ba a kawo mata wasa. Na faɗo mata ina haki, ta juyo ta dube ni daga hula har ƙafar da babu takalmi.

Na ce, "Madam, tsayar da shi. Ya dawo."

"Dalili?"

Duk abin da aka faɗa a rediyon hasumiya ana naɗe shi, kuma dole a rubuta dalili a littafi. Na ce, "Nauyi."

"Kai ka cike takardar nauyin, matuƙi ya sa hannu. Nauyin me?"

Na matso na ce, "Madam, akwai dattijo a ciki, na sa ya sha shayi kofi biyu bisa kuskure, ba ya iya riƙewa, kuma surukinsa ne a gefensa. Nauyin ke nan."

Ta dube ni kamar za ta cinye ni ɗanye. Sannan ta danna abin magana, da muryar nan tata ta aiki wadda ba ta hawa ba ta sauka, ta gaya wa matuƙi da Faransanci ya dawo wurin tsayawa, ana son a sake duba nauyi. Ya yi ƙorafi, ta maimaita masa kalma-kalma. Da ta saki abin maganar ta ce mini, "Je ka ɗauki takalminka. Kuma kai za ka yi wa Shef, shugaban filin, bayani, ba ni ba."

Matuƙin Kumandan Sani ne, mutumin Mirya, mai saurin fushi da saurin hucewa. Yana kashe inji na buɗe ƙofarsa na hau, na sa baki a kunnensa kafin ya fara zazzaga mini. Na gaya masa a taƙaice. Ya waiga ya dubi layi na biyu, ya ga tsohon zaune ƙiƙam, hannu biyu a kan sanda, Issufu ya takure a gefe yana kallon takalminsa.

Ya ce, "Mijin 'yarsa ne?"

Na ce, "Shi ne."

Bai ƙara tambaya ba. Ya cire abin kunne, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Jama'a a yi haƙuri, a sauka duka. Mai sikelinmu ya yi kuskuren lissafi, za a sake awo." Ya ƙara da wasu kalmomi a kaina waɗanda ba sai na maimaita a gaban matanmu ba. Na karɓa, ai na ci.

Da aka sauka Issufu ya kama bakin sandar. Na ce masa, "Malam Issufu, ka tsaya wajen kaya kada su cakuɗe. Baba zai zo ya dangwala mini yatsa a wata takarda." Na karɓi sandar, na bi da tsohon ta bayan biro, inda makewayin ma'aikata yake. Na tsaya a ƙofa na sa masa buta a hannu. Ya shafa butar, ya gane abin da ke hannunsa, ya tsaya cak.

Na ce, "Baba, ku yafe mini. Ba kwata ba ce. Awa ɗaya da kwata ce. Agogo biyu na haɗa muku, laifina ne."

Ya shiga. Da ya fito ya daɗe yana gyara hannun rigarsa. Sannan ya ce, "Mai shayi ya faɗa maka."

"Ni kaɗai, Baba."

"Ka san abin da ka kusa yi mini?"

"Na sani."

"To a sauke mini jakata. Na fasa." Ya faɗe shi a hankali, ba faɗa ba tsawa. "Shekara biyu ina zaune cikin duhu, na saba. Wancan kuwa ba zan saba da shi ba."

Wallahi na ji ƙwalla ta kawo mini. Likitoci za su tashi jibi, jirgi na gaba sai mako mai zuwa, mota kuwa ta fi jirgin muni a gare shi. Na durƙusa a gabansa, nan bayan biro, kusa da tulin tsofaffin tayoyi, na ce ya ba ni minti biyu ya ji. Na ce zan mayar da shi kujerar ƙarshe, can baya shi kaɗai, katan-katan na magani tsakaninsa da kowa. Na ce sama akwai sanyi, saboda haka za a lulluɓe shi da bargo tun daga wuya har ƙasa, ba wanda zai ga abin mamaki a ciki. Na ce zan ba shi wata 'yar jaka, a ciki akwai gora mai faɗin baki da murfi mai kyau. Kuma awon da za a sake zai ci lokaci, zan sake biyowa da shi ta nan kafin a hau.

Ya saurara har na gama. Sai ya ce, "Shi fa?"

"Gaba zai zauna, kusa da matuƙi. Inji na ruri a gabansa, abin kunne a kunnuwansa. Ko ganga aka buga a baya ba zai ji ba."

"Da wane dalili za ka raba shi da ni? Rabi ta ce kada ya matsa ko nan da can."

Na ce, "Ku bar mini wannan, Baba. Aikina ke nan."

Sai na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ce, "Aikin naka ne ya kawo mu nan." Amma ya miƙo mini bakin sandar.

Muka dawo zaure na jera mutane a sikeli, irin tsohon nan mai faranti a ƙasa da allura a sama. Kowa ya hau ya sauka. Da Issufu ya hau, na zagaya bayansa kamar ina gyara wani abu, na ɗora ƙafata a gefen farantin na danna. Allura ta yi sama. Na ce da ƙarfi, "Ɗari da huɗu. Ashe nan matsalar take." Abokan aikinsa suka fashe da dariya, wani ya ce tuwon Rabi ne, wani ya ce ai tun azumi ake gaya masa. Issufu ya sunkuyar da kai yana murmushi, bai yi musu ba. Kumandan Sani ya haɗe fuska ya ce mai wannan nauyin sai kujerar gaba, mafi sauƙin nauyi kuma ya koma can baya, in ba haka ba jirgi ba ya tashi.

Ku saurara da kyau, ku sabbin. A takarda tamanin da biyu na rubuta, adadin gaskiya, kuma matuƙi ya sake lissafinsa da shi ya ga zaman ya yi daidai kafin ya sa hannu. Ƙaryata a baki ta tsaya. Wanda ya yi wasa da takardar nauyi, da rayukan mutane ya yi wasa, kuma ko na bar aiki in na ji labari sai na zo na same shi.

Gorar ta Ilu ce, wadda yake ajiye sukari, ya juye sukarin a leda ya ɗauraye ta. Bargon na ɗakin masu gadi ne. Na sake bi da tsohon ta bayan biro wai yatsan bai fito da kyau ba, na zaunar da shi a baya, na lulluɓe shi, na sa masa jakar a cinya ƙarƙashin bargo. Jirgi ya tashi sha ɗaya saura ashirin, agogon hagu.

Kafin azahar takardar neman bayani ta iso teburina daga Shef. Jinkirin minti arba'in, an dawo da jirgi daga bakin pist, an ƙona mai a banza, ƙungiya ta bugo waya. A ba da dalili a rubuce. Na zauna na daɗe ina juya alƙalami a hannu. In na rubuta gaskiya duka, takardar za ta shiga fayil, sakatare zai karanta, kwafinta zai tafi Yamai da sunan Malam Mato a ciki. Sai na rubuta layi biyu: an sami matsalar nauyi tsakanin matafiya biyu, kuskuren daga gare ni ne, an gyara.

Shef ya kira ni. Ya ajiye takardun nauyin biyu a gabana, ta farko da ta biyu. Ya ce, "Habu, adadin duk ɗaya ne. Kilo ko ɗaya bai canza ba. Kujeru biyu kawai aka sauya. Wane nauyi ne wannan?"

Na ce, "Shef, na layi na biyun nan suruki ne da surukinsa. Ɗaya na jin nauyin ɗaya."

Shef ɗan Damagaram ne, a Birni aka haife shi. Ya cire tabarau ya dube ni, ya dubi sunayen, ya dubi shekarun haihuwa. Ya ce, "Iyakar abin da za ka faɗa ke nan?" Na ce iyakarsa ke nan. Ya ce to shi ma iyakar abin da zai iya yi shi ne gargaɗi a rubuce maimakon dakatarwa. Ya sa hannu, ya miƙo mini. Ina bakin ƙofa ya ce, "Kuma ka sayi takalmi mai igiya." Gargaɗin yana cikin fayil ɗina har yau, shi kaɗai ne a duk shekarun nan, ban taɓa neman a cire shi ba.

Bayan kwana goma jirgin ya dawo da su. Ina tsaye a gindin matakala sai na ga tsohon ya sauko da kansa, ba mai riƙe masa sanda, baƙin tabarau a fuskarsa. Ya tsaya yana kallon ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Da na ce, "Sannu da zuwa, Baba," sai ya juyo, muryar ya gane. Ya ɗaga tabarau ya ƙare mini kallo, ya kama hannayena biyu ya juya su.

Ya ce, "Ashe da gaske biyu ne. Wanne ne ya yi mini ƙarya?"

Na ce, "Ba ko ɗaya, Baba. Mai su ne."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ciro jakar nan daga ƙarƙashin riga ya miƙo mini, ya ce a mayar wa mai shayi, a ce ya gode. Gorar a wanke take tas, an cika ta da dabinon Agadas. Ko ta yi aiki a sama ko ba ta yi ba, ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.

Ya wuce gaba yana kallon bishiyoyin bakin ƙofa kamar bai taɓa ganin ganye ba. Issufu ya tsaya karɓar kaya. Ina miƙa masa jaka sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Malam Habu, kilo tamanin da biyu nake."

Na ce, "Ai sikelin nan ya tsufa."

Ya ce, "Na ga ƙafarka." Ya saɓa jakar a kafaɗa. "Maganin da yake sha, shekara uku ni ke sayensa a Agadas in ba Rabi, ita ta ba gyatumarta, a ce masa daga likitan Dogo ne. Bai san na sani ba. Da na gan shi a rumfar shayi da kofi a hannu, na rasa ta inda zan fara. Ina zaune a gefensa ina ta addu'a inji ya lalace."

Ya shafa bayan wuyansa ya ce, "Awa ɗaya da kwata ban juya wuyan nan ba. Kumandan yana ta nuna mini duwatsu ta tagar gefe, ni dai gaba nake kallo. Kwana uku na yi yana mini ciwo." Ya yi mini godiya, ya bi bayan surukinsa, ya bar taku uku tsakaninsu yadda ya saba.

To abin da zan bar muku ke nan. Lambobin nan da muke ji da su, mil ɗari biyu, Te-U, kilo kaza, namu ne mu da matuƙa. Matafiyi in ya tambaye ka lokaci, akwai abin da yake aunawa a ransa wanda ba zai faɗa maka ba. Tun daga ranar ban sake gaya wa kowa ƙarfe kaza za a sauka ba. In na ga dattijo ko dattijuwa, sai in jira na tare da su ya matsa, in je kamar zan duba tikiti, in faɗa a kunne: awa ɗaya da kwata ne, babu makewayi a ciki, namu yana bayan biro. Ba wanda ya taɓa amsa mini. Amma kusan dukkansu, bayan minti biyu, sai ka ga sun tashi sun ce za su ɗan miƙe ƙafa.